Sau Bakwai Na Danna "Anjima"

Yau da safe ina wanke kofi a kicin ɗin ofis ƙanwar abokin aikina ta kira ni. "Anti, Yaya ya rasu. Hatsari ne, a hanyar zuwa aiki." Na kashe famfo, na zauna a ƙasa.

Shekara uku muna teburi ɗaya da shi, muna haɗa manhajar da ke mayar da imel aikin yi, ta nema masa gurbi a kalanda. Ranar Litinin ya turo mini layi ɗaya ta cikinta: yana son aurena. Saƙon ya faɗa cikin jerin ayyukana, ni kuwa na yi ta danna "anjima".

Jiya da yamma ya tsaya a kaina.

"Sau bakwai, ranki ya daɗe. Kin manta mun tsara mai turowa ya riƙa ganin duk ɗagawar da aka yi?"

Kunya ta hana ni ɗago kai. "Da ka faɗa da bakinka mana."

"In kika ƙi, ina zan sa fuskata? Teburinmu ɗaya."

Sai a lokacin na dube shi. "Ai ka ga ban goge ba."

Ya daɗe yana kallona. "To gobe zan tambaya da bakina."

Na ce, "Ka zo da wuri."