Wayoyin da Suka Bi ta Saman Gidan Thérèse

Wayoyin wuta sun bi ta saman gidan Thérèse, suka tsallake ƙauyen, suka miƙe zuwa wata mahaƙar ma'adinai a bayan garin Poli. Ko ɗaya ba ta sauko ba.

Bara waccan ne wani kamfanin ƙetare ya zo neman filin shimfiɗa allunan sola. Injiniyarsu, Madam Astrid, Ingilishi kawai take ji, ƙauyen kuwa daga Hausa sai Fulatanci da ɗan Faransanci. Aka kira Didier, ƙanin Thérèse da ya yi karatu a Yola, ya yi tafinta.

Madam ta daɗe tana bayani. Didier ya taƙaita: a ba da fili, kowane gida zai samu wuta, har da ɗakin haihuwa. Mutane suka ɗau tafi. Madam ta dube su, ta dubi Didier, ta sake maimaita maganarta. Aka ƙara tafi.

Thérèse ce ta fara ba da gonarta ta gyaɗa. Ganin haka matan ƙungiyar manoma suka biyo ta.

Aka gama aiki. Didier ya samu gurbi a mahaƙar, ya ƙaura. Ƙauye ya zauna yadda yake, sai dai babu gonaki. Matan da Thérèse ta ja suka daina amsa gaisuwarta a kasuwa.

"Yaya, haƙuri za ki yi," in ji Didier a waya. "Turawa ba su da alkawari."

Ba ta haƙura ba. Ta hau mota zuwa Garoua, ta zauna a ƙofar ofishin kamfanin har aka shigar da ita wurin Madam. Wata ma'aikaciya, Kaltouma, ta tsaya tsakaninsu tana fassarawa.

"Ki tambaye ta ina wutar da ta yi mana alkawari," in ji Thérèse.

Madam ta amsa a hankali. Kaltouma ta kasa haɗa ido da Thérèse.

"Mama, ta ce sau biyu ta gaya muku a taron nan cewa wutar ta mahaƙa ce, ba za ta shiga ƙauye ba, in ba ku yarda ba su nemi fili a wani wuri. Tafintanku ne ya ce mata kun ji, kun yafe."