Kunnen Ƙofar Kasuwa

Tun da aka kafa kunnen ƙarfe a ƙofar kasuwa, mutanen garinmu suka koyi haɗiye tari. Duk wanda kunnen ya jiyo tarin fuka a ƙirjinsa, sai fitila ta yi ja. Magani kyauta ne, amma shi da iyalinsa ba su ba kasuwa sai bayan wata shida.

Da wainar da take toyawa a kasuwar ne Tasalla ke ciyar da 'ya'yanta uku. Wata guda ke nan autarta Hansai, 'yar shekara huɗu, tana tari tana ramewa. Kullum da safe takan ce mata, "Riƙe shi har mu wuce."

Ranar Laraba yarinyar ta riƙe har idanunta suka kawo ruwa. Fitila ta yi kore. Ta ɗago kai tana haki. "Inna, na iya ko?"

Tasalla ta daɗe tana kallonta. Rigar sallar bara ta yi wa yarinyar yawa yanzu. Ta sauke robar ƙullu, ta ja hannunta suka koma ƙofar.

"Baiwar Allah, ai kun riga kun wuce," in ji mai gadi.

"Na sani. Na gaji ne." Ta tsuguna. "Yi tarinki, Hansai."

"Kin ce kar in yi."

"Yau na ce ki yi."

Yarinyar ta yi, jikinta na girgiza. Fitila ta yi ja, mai gadi ya miƙo katin asibiti.

Hansai ta kama zanin uwarta. "Yi haƙuri, Inna," ta ce.