Ɗakin Baya a Gidan Sistoci

Daso ta laluba bango, hannunta ya ci karo da gicciyen katako, ta janye kamar ta taɓa garwashi.

Aikin ido ya kawo ta Kuala Lumpur. Yanar ido ce ta rufe idanun biyu, sai inuwa kawai take gani. Ana saura kwanaki a shiga da ita aka kafa dokar kulle saboda annoba, asibiti ya ce sai yadda hali ya yi. Kuɗin karatun ɗanta Zulkiflu suka tsaya, mai gidan da suke haya a unguwar Danau Kota ya karɓe makullinsa. Matar Zulkiflu, Mubina, da yara suka raɓe a falon wata ƙawarta, inda ko tabarma ɗaya ba za ta ƙara shiga ba.

Daso ta ji ɗan nata yana ta buga waya, yana lanƙwasa murya da Turanci. Otel-otel na Bukit Bintang sun fi ƙarfinsa. Ɗakunan Chow Kit masu araha kuwa, cutar ta yi sansani a can. A ƙarshe gidan Sistocin coci ne suka amsa, suna da ɗakin baƙi a baya.

"Sati biyu ne, Umma. Ni zan koma makaranta. Hanya duk shingen 'yan sanda ce, ba lallai in riƙa leƙowa ba."

Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta ce masa kada ka tafi.

Sati biyu suka haifi wata biyu. Azumi ya shigo ya same ta a gidan da ake kaɗa ƙararrawa maimakon kiran salla. Sistocin dai ba su da laifi, ta yarda. Tsohuwarsu kan tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Makan, Mama," wato ta ci abinci. Iyakar hirarsu ke nan.

Sai kuma mai shara. Kullum yana cikin rigar leda mai ƙarar tsiya, fuska a ɗaure da takunkumi, yana warin maganin wanke bayi. Shi ke goge ƙasa, ya zubar da fo, ya cika buta. Bai taɓa cewa uffan ba, ta ɗauka irin baƙin nan ne masu aikin ƙarfi, ba ya jin yaren kowa. In ya kawo abincin buɗa-baki sai ya durƙusa kafin ya ajiye. Ranar farko ma ya gyara mata shimfiɗar darduma, ashe alƙiblar garin nan ba ta inda rana ke fitowa take ba.

Shi Dakta kuwa, kamar yadda take kiran ɗan nata, sai waya. Gajeriya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai bin bashin magana.

"Kin sha ruwa lafiya? Karatu ne ya yi yawa."

"To."

Wani lokaci har ƙararrawar gidan takan cika wayar, ba ta jin ƙarshen zancen.

Abin da ba ta iya faɗa wa ɗa, sai ta koma zuba wa mai shara, tunda bango ne.

"Kai bawan Allah, ka ga rayuwa? Na sayar da shanun gadona yaro ya yi boko. Yau ga ni a gidan coci, wani ɗan mutane ke kwashe ƙazantata. Da uwar matarsa ce, ai da ya san inda zai kai ta."

Tsintsiya takan ɗan tsaya, ta ci gaba.

Ta ba ɗan nata zuwa Salla. Ta ce a ranta, ko shingen wuta ne a hanya, ɗan halak ya tsallako ya gai da uwarsa ranar idi. Da safe ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da ta zo da ita don ranar da za a buɗe mata ido, ta zauna bakin gado tana fuskantar ƙofa. Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Sai mai shara ne ya shigo da kwanon tuwon shinkafa, ko ina Sistoci suka koya oho.

Ba ta taɓa kwanon ba. Ta ɗaga hannuwa biyu, muryarta ba ta ko rawa.

"Kai da ban san uwarka ba, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Shi kuwa wancan da na haifa, Allah ya isa tsakanina da shi. Nonon da ya sha ban yafe ba."

Rigar leda ta yi shiru. Ta ji gwiwoyi sun bugi ƙasa a gabanta, aka zare takunkumi a hankali.

"Umma, wacce zan ce wa amin?"