Gindin Sojan Karabulak

Ranar Talata aka zarga wa mutum-mutumin sojan tagulla igiya a wuya. Shekara hamsin da biyu yana tsaye a tsakiyar garin Karabulak, allon sunayen waɗanda yaƙin Jamus ya ci yana ƙarƙashin takalminsa. Yanzu hukuma na son wurin ta gina zauren biki, shi kuma a kai shi bayan ma'ajiyar auduga.

Tsohuwa Hosiyat ta shimfiɗa darduma a gaban motar tono, ta zauna da butar shayinta. Ba mai ƙarfin halin ce mata tashi. Mijinta Ergash ne na huɗu a allon. Wata uku da aurensu aka tafi da shi, takardar mutuwarsa ta riga ɗansa isowa. Albarkacin sunan nan ta samu gida mai rufin kwano, ɗan ya yi karatu har birnin Tashkent. Da za a kafa sojan, ita ta ja matan gona suka haƙa ramin gindinsa, ita kaɗai ta yi gadinsa har aka zuba siminti.

Aka turo jikanta Davron, mai riƙe da takardun aikin.

"Kaka, kina ba ni kunya. Can ma har fure za a shuka masa."

"Kai da ko albasa ba ka taɓa rayawa ba? Zauna mu yi ciniki. Ku ɗauki sojan."

"Ai shi muka zo ɗauka."

"Ku haɗa da allon. In dutsen da za ku ɗora shi a can ya yi muku kaɗan, ku cire sunan kakanka, na yafe. Gindin kawai nake so a bari. Ku shafe samansa da siminti, ku yi rawarku a kai."

Davron ya ce ɗakin girki za a yi a ƙarƙashin ƙasa, tono ya zama dole. Ta ƙara musu da gonarta ta inabi. Ta ƙara saniya. Matan da ke kallo suna ta share hawaye da bakin mayafi. A ƙarshe ƙarti huɗu suka ɗauke ta da dardumarta kamar farantin shinkafa, suka ajiye a inuwa.

Kafin azahar siminti ya tsage gida biyu. Direba ya kashe mota, ya sauko yana salati. A cikin jar ƙasa akwai ƙasusuwa da ruɓaɓɓiyar rigar fursuna mai lamba a ƙirji. Davron ya durƙusa ya ɗago ƙoƙon kan, yana tambayar ko wane bawan Allah ne.

Hosiyat ta juye ragowar shayinta a ƙasa.

"Riƙe shi da kyau, ɗan nan, ba shi da ƙwari ta baya. Shekara goma sha biyar ina matar jarumi, sai ga kakanka daga kurkukun Sibiriya da takardar maci amanar ƙasa, wai in buɗe masa ƙofa. Sau biyu kawai na ɗaga fartanya."