Wa Ya Bar Famfo a Buɗe?

Ana tsakiyar waƙa ta biyar tsohon mawaƙin ya ɗaga hannu, ganguna suka yi tsit.

Mai jita, shugaban ƙungiyar, ya ɗago kai. Ƙa'idar shirin talabijin ɗin ɗaya ce: kowace ƙungiya ta rera kundin wani mawaƙi daga farko har ƙarshe a gaban mai shi, wadda ta kauce a sallame ta. Wata uku mai jita ya yi yana gasa wa makaɗansa aya a hannu da kaset ɗin waƙoƙin tsohon da marigayi babansa ya bari, har numfashin da ke ciki sai da suka haddace.

"'Yata," tsohon ya ce da mai amshi, "me kika ce yanzu?"

"'Wa ya bar famfo a buɗe?' Haka yake a kaset, Baba. Wata mata ce ke faɗa bayan amshi na biyu, rai a ɓace."

"Shekara arba'in ina wannan waƙa, ban taɓa sa famfo a ciki ba."

Nan mai jita ya tuna kansa yana ɗan shekara shida, ga rikodar babansa, ga jan maɓallin ɗaukar murya da aka hana shi taɓawa, shi kuwa ya danna.

A layi na uku na 'yan kallo mahaifiyarsa ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Muryata ce, Malam. Kuma har yau ba wanda ya amsa mini."

Kyamarori suka juyo. A hankali mai jita, da furfurarsa da komai, ya ɗaga hannu.