Gwajin Sufeto Mudassir

Shekara goma sha shida Sufeto Mudassir ya yi yana aikin ɗan sanda, kuma duk yankin Doguwa an shaida jarumtarsa. Shi ne ya bi ɓarayin shanu cikin daji kwana biyu, ya dawo da garken cif. Don haka da aka fara neman wanda zai shugabanci wani ofishin 'yan sanda a wajajen Tiga, ko shakka bai yi ba shi za a ba. Har ya ce wa matarsa Kaltume ta fara haɗa kaya.

Aka turo wata babbar jami'a, Hajiya Zubaida, ta tantance su, shi da Sufeto Ɗanjuma, wani mai sanyin magana. Ba ta tambayi Mudassir yawan ɓarayin da ya kama ba. Cewa ta yi yau shi zai riƙe ofis, ta ja kujera ta zauna gefe.

Da hantsi sai ga wani tsohon manomi da wani makiyayi, wai shanu sun cinye gonar albasa. Mudassir bai bari sun gama bayani ba, ya daka tsawa a kulle makiyayin.

Kofur Sagir ya matso. "Ranka ya daɗe, da an saurare shi, saboda..."

Mudassir ya katse shi. "Wa ya tambaye ka?"

Hajiya Zubaida ta dubi manomin. "Baba, shanun wannan ne?"

"A'a, ranki ya daɗe. Shi ne ma ya kore min su. Shaida na kawo shi."

Nan take ta sa aka saki makiyayin.

Ta ce, "Sufeto, babu mai musun jarumtarka. Amma ka kulle mai gaskiya, ka kuma toshe bakin wanda ya so ya fisshe ka."

Ɗanjuma aka ba muƙamin. Kwana uku Mudassir bai iya haɗa ido da kowa ba. A na huɗu ya hau babur har rugar makiyayin ya ba shi haƙuri. Mutumin ya yi dariya, ya sa aka dama masa fura da nono.

Yanzu kafin ya yanke magana sai ya ce, "Sagir, kai me ka gani?" Yaransa na ofis sun daina ɓuya in sun hango shi, shi ma aikin ya fi yi masa daɗi.

Jama'a, jarumta kaɗai ba ta isa a damƙa wa mutum shugabanci ba. A fara duba haƙurinsa, da yadda yake sauraren na ƙasa da shi.