Haƙorin Makka a Bakin Barau

Tunda ka kama aikin nan na neman bayanai a na'ura, bari in ba ka misali. An yi wata ma'ajiyar bayanan marasa lafiya a wani asibiti, mace ce mai alfahari da na'urarta mai ƙwaƙwalwa, kuma ba laifinta ba ne. Sunaye dubu ɗari biyu ne a ciki. Ka ce wa na'urar, kawo min duk wanda sunansa ya fara da kaza, kafin ka ƙifta ido ta rairaye su kamar gari a rariya. Sai dai fa ba ta san ragi ba, ba ta san ƙari ba. Farkon suna kaɗai take dubawa, har babban baƙi da ƙarami tana bambancewa.

Ran nan da hantsi aka shigo da wani dattijo a sume. 'Yarsa na kuka, ta ce akwai allurar da ta taɓa kusa kashe shi a nan asibitin, amma ba ta san sunanta ba. Likita na tsaye da kwalbar allura a hannu, ya kasa yi, ya kasa fasawa. Katin aljihun tsohon ya nuna sunansa Barau. Matar ta buga Barau, na'ura ta zubo arba'in, babu nasa. Ta koma da ƙaramin baƙi, wayam. Ta ɗaga kai ta dubi tsohon da ke kwance baki buɗe, sai ta hango haƙorin Makka yana ƙyalli. Nan ta tuna halin mutanenmu: wane magatakarda ne zai dubi wanda ya sauke farali ya rubuta sunansa gatsal? Sai ta buga Alhaji Barau. Layi ɗaya tak ya fito. Ta karanta sunan allurar da ƙarfi. Likita ya dubi kwalbar hannunsa, ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai, don ita ce.

Tsoho ya farfaɗo da wani maganin. Ita kuwa matar ta daɗe zaune tana tasbihi. Na'ura mai tace dubbai, ga bayanin a cikinta tun bara, amma sai da Allah ya sa haƙori ɗaya ya nuna hanya. Da matar ta tsaya kan tambayar farko, da an yi jana'iza alhali amsa na gabanta. Gaskiyar Hausawa da suka ce, rashin sani, kaza ta kwana kan dami.